Ƙibar da Kuka Sa Mini Ta Kwantar da Ni

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kokowa ta Bakin Tafki, Madarumfa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Ɗan Jimma na Safo, wanda ya yi maka kokowa shekara tara. Sau uku na aiko ƙanena ƙofar gidanka ana ce masa ba ka nan, shi ya sa na zaɓi in yi magana a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ka ɗauko ni daga gonar mahaifina a kakar 1985, ina da kilo saba'in da takwas. Ka ce ƙarfina ya isa, nauyi ne ya rage. Da hannunka ka miƙo mini wasu ƙwayoyi ƙanana a leda, waɗanda direbanka ke sayowa a Ɗan Issa, ka ce in sha biyu da safe, biyu da marece. Ka ce maganin cin abinci ne. Na sha, domin maganarka a wurina maganar uba ce. Na koma ina cinye ƙwaryar fura uku kafin azahar, fuskata ta cika, makaɗa suna kirana giwa, ni kuwa ina murna.

Na biyu. Na bar fage a 1994, amma jikin bai daina ƙaruwa ba. Bana, sikelin asibiti ya kasa ɗaukata, sai a na masu awon gyaɗa aka gwada ni, mutane na tsaye suna dariya: kilo ɗari da arba'in da shida. Ba na iya ruku'u, a zaune nake sallah. Taku ashirin numfashina ya sarƙe. Gonata, matata Hajo ce ta nome ta da 'yan'uwanta. Akwai gyambo a babban yatsan ƙafata na hagu, wata huɗu ya ƙi warkewa.

Na uku. Lokotoro, wato likitan da ya duba ni a Maraɗi, ya ce ina da ciwon sukari da hawan jini. Da na nuna masa ƙwayar, ya ce wannan magani ne na masu cuta mai tsanani, ba a sha sai da takardar likita, kuma ko dainawa ba a yi farat ɗaya. Na tambaye shi ko za a iya farka ni a kwashe kitsen. Ya ce ya san akwai aikin da ake rage wa mutum tumbi ya riƙa ƙoshi da kaɗan, amma can ƙasashen Turai, kuma ko da a ƙofar gidana ake yi, zuciyata ba za ta ɗauki aikin ba a halin da nake. Abin da ya rage shi ne rage ci, tafiya kullum, da shan magani. In gyambon bai rufe ba kafin sallar layya, za su yanke yatsan, wataƙila har da ƙafar.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni yin shiru. Makon jiya Sani Gago, ɗan kokowar da ka ɗauka bara, ya zo duba ni. Da na ga kumatunsa na gane. Ledar ƙwayar na cikin aljihunsa. Matarsa na da ciki wata bakwai.

Alhaji, ban ce ka san illar abin a lokacina ba. Yanzu dai ka sani. Ina roƙon ka hana raba ƙwayar nan daga yau. Ka kwashi duk wanda ya taɓa sha a motarka a kai su Maraɗi a gwada jininsu, mu ma da muka tsufa kada a bar mu. Kuma ka faɗa da bakinka a fili cewa wannan ƙiba cuta ce, domin kai za su ji, ni sun ɗauka hassada nake.

In ranar buɗe fage ta zo ban ji komai ba, za a kawo ni a amalanke. Zan zauna gaban rumfarka, in tuɓe riga, in kwance tsumman ƙafata, kowa ya gani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya ba ka ikon gyara tun da sauran lokaci.

Wassalam.

Ɗan Jimma na Safo,
Madarumfa, 1997.