Cokali Ɗaya na Mai

Salaga, 9 ga Janairu, 1989

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Yaya Tema, yaya aikin gareji, yaya ciwon bayan nan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar mahaifiyata ce ta sa na ɗauki biro. Ranar Talata tana cikin suyar ƙosai a bakin tasha jiri ya kwashe ta, ta faɗi gefen murhu. Allah ya tsare, man bai zubo mata ba. Sai da maza huɗu suka haɗu kafin aka sa ta a mota, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan faɗuwar. A asibiti aka ce hawan jini ne. Sikeli ya nuna kilo ɗari da goma sha takwas. Likita ya ce zuciyarta kayan mutum biyu take ɗauka, in ba ta rage jiki ba, faɗuwa ta gaba ba lallai ta tashi ba. Ya hana ta man ja da kitse da duk wani abin suya.

To ka san Mma Hawawu. Shekara talatin tana suya. Shekara uku ke nan a kan kujera take salla saboda gwiwa, amma ko sau ɗaya ba ta yarda jiki ne ya jawo ba.

Wata nas mai kirki, Fuseina, ta ara mini littafin girki na Turanci, na masu son rage ƙiba. Wallahi, Malam, ban san ana rubuta irin wannan ba. Kowane abinci da hotonsa, an auna komai har gishiri, an faɗi minti nawa zai yi a wuta. Na yini ina juya shi kamar wadda aka ba madubi karon farko. Sai dai rabin kayan da ya lissafa ko sunansu ba a taɓa ji a kasuwar Salaga ba. Na gwada ɗaya, kaza da kabeji a ruwa zalla. Mma ta leƙa kwanon ta ce, “Mansuratu, ruwan wanke tukunya kika kawo mini?” Kwana uku koko kawai take sha. Jiya cikin faɗa ta ce cikin masu rai mace ɗaya ce ta taɓa yi mata miya ba mai ta lashe hannu, ƙawarta ta ƙuruciya, Zuwera ta Yendi.

Ina neman izininka in je wurinta. Zan rufe keken ɗinki na ɗan lokaci, ƙanwata Hanatu za ta zauna da Mma. Ka aiko amsa ta hannun direban doya.

Taka,
Mansuratu

Yendi, 2 ga Fabrairu, 1989

Maigidana,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Na gode da izini, Allah ya saka da alheri.

Na samu Mma Zuwera. ’Yar ƙaramar tsohuwa ce Badagomba, ta haura saba’in, amma kullum da ƙafa take zuwa gona ta dawo da itace a ka. Da na gaya mata halin da Mma ke ciki sai ta karɓi littafin Turawan ta duba hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙo mini ta ce masu wannan littafi da gangan suka bar mai, su kuwa mutanen gidanta man ne ya bar su.

A shekarar yunwa, tamanin da uku, baki goma sha tara ta ciyar a gidan nan, har da ’ya’yan ’yan’uwa da aka koro daga Najeriya, kuma wata bakwai ko ɗigon mai bai shiga tukunyarta ba. Ba wanda ya mutu. Ta ce da ta ga ba mai, sai ta koma neman daɗi a wuta kamar yadda ta koya tun ƙuruciya. Daddawa sai ta ɗan gasa ta a garwashi kafin ta daka. Tumatir da albasa da tattasai ba ta soya su, kan gawayi take jera su har bayansu ya yi baƙi, ta ɓare ta niƙa. Ƙananan busassun kifi kuwa da kai da ƙaya take dakawa. Na cire agogon da ka saya mini na ajiye a kan turmi. Minti goma sha huɗu ta gama miyar ayoyo, wato lalo. Na kai loma ɗaya baki. Na duba tukunyar, na sake dubawa, don na rantse akwai mai a ciki. Babu.

Na sayi littafin rubutu mai layi. Wahalar ita ce ba ta awo, hannunta ne ma’auninta. Sai na riƙa tara gwangwanin madara a ƙarƙashin hannun kafin abu ya faɗa tukunya, tana yi mini dariya tana cewa na zama ɗan sanda. Tubani a ganye, wasawasa, wato dambun garin doya, da zogale ya fi garin yawa, faten wake da gauta, yau girki ashirin da biyu na rubuta, babu wanda ya wuce rabin awa in an jiƙa abin jiƙawa tun da safe. Ina kallon hannuwan nan masu tsagewa ina tunanin duk wannan ilimi a kan mace ɗaya yake, ba a takarda ba, kuma da ta tafi shi ke nan.

Ta ce ganye da zabi na mutanen Bawku ne, in wuce can. Tunda Yaya Idirisu na can, zan je.

Matarka mai kewarka,
Mansuratu

Bawku, 20 ga Fabrairu, 1989

Maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata takardata ta Yendi ta same ka lafiya. Yaya Idirisu da iyalinsa suna gaisuwa.

Hanya ta ba mu wuya. Da lori ya fara gangarowa daga dutsen Nakpanduri na ga ƙasa shimfiɗe a ƙasanmu har iyakar gani, gidaje kamar an watsa gero. Salati kawai nake yi.

Matar Yaya, Lamisi, ’yar ƙabilar Kusasi ce, kuma ban san darajarta ba sai yanzu. Zabo take feɗe fatarsa ta jefar, ta gasa naman sama-sama, ta ƙarasa shi a ruwan yakuwa. Ganyen wake take murzawa da garin gero ta turara. Da ta gaya wa maƙwabta abin da ya kawo ni, ranar kasuwa da yamma mata suka cika tsakar gida, Mosawa da Busanga da namu na Zango, kowacce na cewa a rubuta nata. Wata ta ce, “Sa sunana, ’yata, ko a takardar asibiti ba a taɓa rubuta shi daidai ba.” Na rubuta har yatsuna suka ƙage. Wani Alhaji mai fataucin shanu, wanda likita ya yi wa irin gargaɗin Mma, ya zo da kansa ya zauna a tabarma yana kwafa da ajami. Girki hamsin da ɗaya ke nan.

Amma labarin gida ba daɗi. Saƙon Hanatu ya iso cewa ƙafafun Mma sun kumbura, kuma ta kama ta tana lasar man ja a ɓoye. In na koma ta ture wannan ma, ban san inda zan nufa ba. Gobe zan kama hanya. Ka sa mu a addu’a.

Taka har kullum,
Mansuratu

Salaga, 6 ga Maris, 1989

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya. Na iso gida lafiya, alhamdu lillahi.

Washegarin dawowata na yi miyar Mma Zuwera da ɗan tuwo kaɗan, na ajiye mata. Mma ta ɗanɗana. Ta ƙara. Sai na ga hawaye na bin kumatunta, ni kuwa tun rasuwar Baba ban ga kukanta ba. Ta ce wannan miyar uwarta ce. Ashe tare suka tashi da Zuwera a gidan da ake shekara ba a ga mai ba sai da Salla, yaran maƙwabta na yi musu dariya wai leɓunansu ba sa sheƙi. Tana da shekara goma sha biyu ta yi wa kanta alkawari in ta samu hali tukunyarta ba za ta ƙara rasa mai ba, ’ya’yanta ba za a yi musu wannan dariya ba. Malam, shekara talatin ina cin abincin matar nan ban san abin da nake ci ba.

Ta share ido, ta ce na ƙona daddawar.

Daga nan ta sa na ɗauko littafin in karanta mata tun daga farko. Tana ji tana gyarawa. Wannan kanwar ta yi yawa, wancan a sa citta, na Lamisi kuwa ta ce yarinyar ta iya. Ta ƙara guda tara daga kanta. Mun yi yarjejeniya da sanin nas Fuseina, cokali ɗaya na mai a tukunya, ba ƙari. Ita da kanta ta zaɓi cokalin, kuma na lura babba ta ɗauka. Na ƙyale ta.

Sai ka zo Babbar Salla.

Matarka,
Mansuratu

Salaga, 22 ga Oktoba, 1989

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman. Yaya aiki, yaya ruwan sama a wajenku? Ka yafe mini jinkirin takarda, abubuwa ne suka taru, ban san da wanne zan fara ba.

Da ka zo Salla ka ga Mma ta fara zagaya unguwa. Yanzu da ƙafa take zuwa tasha. Ta bar wa Hanatu kaskon ƙosai, ita tubani take sayarwa, direbobi na layi. Makon jiya sikelin asibiti ya nuna casa’in da bakwai. Likita ya sa ta sauka ta sake hawa. Fuseina ta buga littafinmu da keken rubutu, an yi kwafi arba’in ana ba masu hawan jini, kowane girki da sunan mai shi a ƙasa. Na aika wa Mma Zuwera nata, na aika Bawku.

Ranar Juma’a da la’asar na kawo mata kujerar salla kamar kullum, ta ce in mayar. Ta tayar da kabbara a tsaye. Da ta zo sujada na ji gwiwoyinta sun yi ƙara, na matso don in tare ta. A hankali ta sauka har goshinta ya taɓa tabarma. Ta daɗe a nan, kafaɗunta na rawa. Ni ma a inda nake na durƙusa.

Saura ɗaya. Shekaranjiya da safe na fito na tarar da ita ta ɗaure ƙullin masara a baya da zane, tana kai da kawowa a tsakar gida tana ɗan jijjiga shi. Na tsorata, na ce Mma lafiya? Ta ce, “Gwaji nake yi. Wata biyu ina kallon ki kina toshe hanci in an gasa daddawa. Ba wadda za ta goya mini jika sai ni.”

Ban gaya wa kowa ba, Malam. Shekara shida muna jira, na ji tsoron in faɗa da wuri. Jiya na je wurin ungozoma ta tabbatar, wata uku ne da ’yan kwanaki. Mma ta ce gobe za ta ƙara mudu ɗaya a ƙullin, wai ’ya’yan gidanku da nauyi ake haifarsu.

Ka nemi hutu ka zo.

Taka,
Mansuratu