Iskar da Taisto Yake Shaƙa

Zuwa ga Yaya Aulikki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Veikko da jikoki. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan sai sanyi. Tafki ya daskare tun kafin Kirsimeti, Gwaggo Helmi ko coci ta daina zuwa.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san lokacin sanyi sai an ɗumama iska kafin a tura ta ramin haƙar ma'adinai, in ba haka ba ƙanƙara ta toshe hanya. Ramin ya ƙara zurfi, wuta ta yi tsada, har kamfani ya ce ko a rage kashe kuɗi ko a rufe. Sai aka kawo dabarar tace wani kaso na iskar da aka riga aka shaƙa, a sake mayar da ita ƙasa. Wanda ya tsara aikin kuwa ɗana ne, Jouni, alhali ubansa Taisto can ƙasan yake tuƙa motar kwasar dutse.

Makon jiya wata mota ta kama wuta a cikin ramin. Hayaƙin ya bi iskar ya dawo kan su Taisto kafin ƙofofin da ke tare hanyar iskar su rufe. Taisto ya ce ko hasken fitilar hularsa ba ya gani, da lalube suka kai ɗakin mafaka. Ba wanda ya rasu, amma har yau tari yake, in ya tofar baƙi ƙirin.

Ranar Lahadi muna shan kofi Taisto ya tsokani yaron, wai injiniya ya mayar da su 'yan cin ɗumame, iskar ma sai kwantai. Jouni bai yi dariya ba. Ya ce ya gyara ƙofofin, amma ba zai rantse mana cewa abin ba zai sake faruwa ba. In kuma aka daina mayar da iskar, za a rufe ramin, gari ya watse. Na roƙi Taisto ya yi ritaya. Ya ce in ya fita yanzu, za a ce uban ma bai yarda da aikin ɗansa ba.

Jiya Jouni ya bar ofis, ya nemi a mayar da shi aiki cikin ramin, aikin safe tare da ubansa. A da mutum ɗaya nake jira a bakin taga, Yaya. Yanzu biyu ne.

Ki gaishe min da Veikko, da Marjatta da yaranta. Ki sa mu a addu'a, ki ambaci sunayensu duka biyun.

Ƙanwarki,
Sirkka