Harsashi Talatin, Bisimilla Ɗaya

Talata, 2 ga Oktoba 1984, Vaulx-en-Velin

An sako Ferrand. Da idona na gan shi da na sauka daga bis, yana tsaye a barandarsa ta saman bene, etaj na huɗu, yana ba furanni ruwa. Barandar nan dai da ya tsaya ran 14 ga Yuli ya harbi ɗana Muntaka a ƙugu, wai ƙarar mobilet, ɗan babur ɗin yaron, ta hana shi barcin rana. Lauya ya ce sakin talala ne kafin shari'a, shari'ar kuma sai baɗi in an yi sa'a. Yaro mai shekara goma sha bakwai yana kwance a gadon asibiti, lopital, ƙafar dama ba ta san tana jikinsa ba, ta hagu sai an tsikare ta da allura.

Na tsaya a ƙasa da ledar nama a hannu har jini ya ɗiga a takalmina. Ko kallona bai yi ba.

Matata Raliatou ta ce, “Malam, ka ci tuwo.” Ban ci ba. Na ɗauko wannan kaye, littafin rubutu na makarantar yaron, rabinsa fari ne. In ban faɗa wa takarda ba zan faɗa wa mutum, mutum kuwa hana ni zai yi.

Alhamis, 4 ga Oktoba

Rago tamanin na yanka yau. Shekara goma sha shida ke nan ina yanka wa Musulmin Lyon a kwata, kafin nan kuma Maraɗi, gidan rundawa, inda babana ya damƙa mini wuƙa ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Duk ragon da na kayar yau wuyan Ferrand nake gani. Wuya ne mai kitse, mai ninki biyu, na san inda jijiya take.

Amma ba da wuƙata ba. Wuƙata halal take ci, ba zan ɓata ta ba. Da abin da ya taɓa ɗana zan taɓa shi. Matsalar ita ce ban taɓa riƙe bindiga ba tun da uwata ta haife ni.

Asabar, 6 ga Oktoba

Na je wani gidan koyon harbi a bayan gari. Mai tsaron ƙofa ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce wuri ya cika. Motoci uku ne kacal a wajen.

Lahadi, 7 ga Oktoba

Na kira Yaya Hassoumi, ɗan wan babana mai shagon shadda a Barbès, can Paris. Na yi masa ƙarya, na ce aikin gadi na samu a wani depo, sai wanda ya iya bindiga suke ɗauka. Ya ce ya san wani wuri a gefen Paris inda ake ba da hayar bindiga a harba a mayar, mai wurin yana sayen yadi a gunsa. “Kai da wuƙa tun kana goye, mi ya kai ka gadi?” Na ce baya ke ciwo.

Raliatou kuma na ce mata Rungis, babbar kasuwar nama ta gefen Paris, za a riƙa tura ni duk Asabar. Ƙarya biyu a yini ɗaya, ni da nake zagin maƙaryata.

Asabar, 13 ga Oktoba, Paris

Jirgin safe, sannan metro, sannan bis har inda gidaje suka ƙare. Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, dogo, ba taga, yana warin albarushi da taba. Mai wurin Misye Combe ne, tsohon soja, kunne ɗaya ya mutu, saboda haka magana yake kamar yana kiran wanda ke ƙetaren gulbi. Ya toshe mini kunnuwa da kaske, ya ɗora mini pistole, ƙaramar bindiga, a tafin hannu.

Ta fi yadda na zata nauyi. Sanyi gare ta, kuma ba ta da baki da baya irin na wuƙa da hannu zai gane da kansa. Harbin farko ta zabura ta kusa fasa mini goshi, harsashin ya tafi rufi. Wani farin saurayi a layin kusa ya yi dariya. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ranar da akuya ta kuɓuce mini da rabin yanka a gaban babana.

Combe ya gyara mini tsayuwa, ya ce kada in fizgi kunama, in matsa ta a hankali har harbin ya zo da kansa. Na biyu ya taɓa gefen takarda. Kafin kwalin harsashi ya ƙare ina sa su cikin baƙin da'ira. Ya kawo mini mai cin harsashi shida, ya kawo wata babba ta Amirka da ta girgiza mini haƙora, duka na gwada. Ya ce hannuna bai rawa, aikin me nake? Na ce mahauci. Ya ce ai ya gani.

Na fito ina jin daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji, karo na farko tun Yuli.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Lopital. Muntaka ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ya son Hausa in yana fushi, sai Faransanci. Ya ce, “Papa, an ce ya dawo gida. Gaskiya ne?” Na ce wa ya gaya maka. Ya juya fuska bango. Na zauna awa biyu ina ɓare masa lemu, bai sha ba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Raliatou ta shinshina rigar da na je Paris da ita kafin ta jiƙa. Ta ce, “Warin ga ba na kwata ba ne.” Shekara ashirin tana wanke mini jini, hancinta ba ya kuskure. Na ce sabon maganin wanke daɓe ne. Ta dube ni, ta ci gaba da wanki.

Asabar, 20 ga Oktoba, Paris

Na ce wa Combe ya cire mini da'ira ya sa takarda mai siffar mutum. Ya sa: baƙin mutum, kai da kafaɗu, ba fuska. Ni na sa masa fuskar.

Ina cikin harbi ya dafa ni, ya ɗaga mini kaske, ya daka tsawa a kunnena: me nake faɗa kafin kowane harbi? Na ce ba na faɗin komai. Ya ce ƙarya, tun makon jiya yake kallon leɓena, kuma in ci gaba, shi ke daidaita mini numfashi. Na sake ɗaga hannu ina sauraren bakina. Bismillahi, Allahu akbar. Sannan yatsa ya matsa.

Wallahi ban san ina yi ba. Shekara talatin da uku ban taɓa sa ƙarfe a wuyan mai rai ba sai da wannan kalma, har hannun ya daina motsi in bai ji ta ba. Ran da na manta ina yaro, babana ya jefa wa karnuka tunkiyar gaba ɗaya, ni kuma na kwana uku ina kwanciya rubda ciki.

Da mutane suka ragu Combe ya shiga ɗakin baya ya fito da mitarayet, bindiga mai sarrafa kanta ta zamanin yaƙinsa, ya ce wannan sai wanda ya yarda da shi. Ya ce in danne ta a jiki, in ta fara hawa sama in sake. Na yi bisimilla na matsa. Kafin in rufe baki ta gama. Harsashi talatin, takardar ta rabe biyu, kwanson yana ta birgima a ƙasa, hayaƙi ya cika mini maƙogwaro. Combe yana dariya yana buga mini baya.

Ni kuwa lissafi nake. Talatin a kan bisimilla ɗaya. A wurinmu kowane rai da tasa, ko kaza ce. Na fita na yi amai a bayan wata mota.

Talata, 23 ga Oktoba

Da'ira takarda ce, ba komai. Amma Ferrand fa? Zan ambaci sunan Allah a kansa kamar rago?

Juma'a, 26 ga Oktoba

Bayan salla na tsare liman a bakin ƙofa, na ce wani ne ya aiko ni tambaya: mutum in zai yi abin da Allah ya hana, ya yi bisimilla, yaya? Ya ce ya ɗora laifi a kan laifi, ya jawo sunan Ubangiji cikin ƙazanta. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, “Malam Illiassou, ka ce wa wanda ya aiko ka ya zo mu zauna.” Na zare hannuna.

To shi ke nan. Sai in koyi yi da baki rufe.

Asabar, 27 ga Oktoba, Paris

Na cije leɓe na ɗaga pistole. Yatsa ya ƙi. Da na tilasta shi sai ya fizga, harsashi ya ci ƙasa. Na sa goro a baki, na gwada ƙirga un, deux, trois, na gwada zagin uwar Ferrand. Kwali biyu, huɗu ne suka taɓa takarda, ukunsu ma a gefe. Sau ɗaya na samu tsakiyar ƙirji, kuma na san dalili: zuciyata ce ta faɗa a ɓoye.

Combe ya ce me ya same ni, in koma addu'ata mana. Na ce ba ta wannan aikin ba ce. Ya karɓe bindigar ya ce na gaji, in tafi gida.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Jiya babban yatsan ƙafar daman Muntaka ya motsa. Raliatou na wurin, lokotoro mai duba shi na wurin, har masu shara sun shigo sun gani. Ya tambaya ina Papa. Ta ce Rungis.

Talata, 30 ga Oktoba

Na samu tawa bindigar, ta hannun wani direban kamiyo, babbar motar kaya. Tana cikin jakar wuƙaƙe, na naɗe ta da tsumma don kada ta taɓa su.

Yaya Hassoumi ya kira. Combe ya je shagonsa ya ce kada a sake turo ni. “Illiassou, wane depo ne wanga? Hwaɗa mini sunanshi.” Ya ce, “In ka yi shi, wa za ya tura keken yaron? Ni?” Na ajiye waya yana magana, abin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Ban je aiki ba. Ƙarfe bakwai na safe Ferrand yake sauko da shara, na daɗe da sani. Na jira shi a ɗakin bola na ƙasan benensu, bayan ƙofa, hannu cikin jaka.

Ya shigo da silifa da rigar barci, yana tari. Ya juya mini baya yana zazzage bokiti. Taku uku tsakaninmu, ko makaho ba zai kuskure ba. Na fitar da ita. Na ga wuyan, ninki biyun nan, da wani ɗan yanka na aski a gefe. Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Yatsa ya tsaya yana jira. Na san abin da yake jira. Na ce to a ba shi, in ya so in ƙone, ai na riga na ƙone. Na buɗe baki. “Bis…” Iyakarta ke nan. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure shi da igiya. Na sake, ta ƙi fita. Baki ya ƙi ba hannu, hannu ya ƙi tafiya shi kaɗai, ni ina tsakiya kamar wawa.

Ya ji motsi ya juyo. Ya ga ni, ya ga abin da ke hannuna. Bokitin ya faɗi. Bai yi ihu ba, sai fitsari da ya biyo ƙafar wandonsa har cikin silifa. Na sha ganin dabba ta yi haka, kuma ban taɓa jin daɗin ganin ba. Yau ma ban ji ba.

Na mayar da ita jaka na fita. Na yi ta tafiya a ƙasa har bakin kanal.

Talata, 6 ga Nuwamba

Ragon uba. Ɗanka a kwance, kai ko kalma ɗaya ta gagare ka.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Ina jiran ƴan sanda, ba su zo ba. An rufe tagogin etaj na huɗu, furannin na nan a waje cikin sanyi. Na gaya wa Raliatou duka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ina take?” Na nuna jakar. Da na dawo daga masallaci tsumman kawai na tarar, a wanke, a shanye.

Asabar, 1 ga Disamba

Ban yafe ba, kada takardar nan ta zata na yafe. Shari'a na nan tafe, zan zauna a layin gaba ya riƙa ganina. Paris kuwa sanyi ya yi yawa, shi ya sa ban koma ba.

Yau na je gidan gashin ƙashi inda aka mayar da Muntaka. Sun ɗaura masa ƙarafa a ƙafafu, sun tsayar da shi tsakanin sanduna biyu. Matar da ke koya masa ta ce in tsaya a ƙarshe ya nufo ni. Gumi yake kamar an watsa masa ruwa. Ya daɗe bai motsa ba, sai na ga leɓensa yana motsi. Yaron da sai an yi faɗa yake salla. Ya faɗa a hankali, ya ja ƙafar dama ta matsa kamar faɗin tafin hannu. Ya sake faɗa, ya ja ta hagu.

Matar ta tambaye shi me yake cewa. Ya ce da Faransanci, “Ban sani ba, haka Papa yake yi kafin ya ɗaga abu mai nauyi.”

Taku shida ya yi, kowane da tasa. A na biyar muryarsa ta ƙare, sai na ji ana faɗa masa da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Bakina ne, kuma bisimillar ta fita ba gardama.

Asabar mai zuwa ƙarfe goma ne. Na ce wa matar zan zo.