Kwalbar Khal da Kwaɗon Darini

Zuwa ga Hadijatu ɗiyar Malam, sanyin idona, inuwar tsamiyar da nake hutawa a gindinta ko da teku ta raba mu, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonar zuciyata. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina haƙuri da rashina? Yaya Malam da ɗalibai, yaya gwiwar Inna Talatu, yaya mutanen Safana baki ɗaya? Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Na rubuto ne don wayar nan ta ishe ni. Da na ɗauko magana mai nauyi sai layi ya yanke, in bar ki da rabin zance.

Hadijatu, kin ba ni dariya, kin kuma sa ni kuka! Na aiko miki da kayan girki daga Sifen, kun mai da su kayan magani. Man zaitun da na ce ki zuba a kan dafaffen wake, Inna ta karɓe tana shafa wa gwiwa. Za'afaran ɗin da maigidana a gidan abinci yake tsintar sili-sili don ya rina shinkafa, Malam ya jiƙa shi ya yi tawadar rubutu. Ita kuwa kwalbar ruwan khal, wadda saboda ita na ƙulla ƙunshin gaba ɗaya, tana can bisa kabad ko buɗe ta ba a yi ba, don wani ya raɗa wa Malam cewa ruwan inabi ne da ya fara zama giya kafin ya koma tsami. Haka ne, ba zan ɓoye ba. Hukuncinsa kuwa Malam ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Ni dai bari in gaya miki dalilin aiko ta.

Kin tuna gonarmu ta Darini, shekarar aurenmu, kafin 'yan bindiga su tashe mu? Rana ta take, ina tsakiyar gero da fartanya, sai in hango ki kan kunya, kwano a ka, kina tafe kamar ba ki san zuciyata ta riga ki isowa ba. Kwaɗon rama! Ƙuli-ƙuli ya ji daka, barkono ya ji, tsami kuwa har ya kama muƙamuƙi. Na ce miki kin tsiyaye tsamiyar Batsari kaf a ciki. Kika ɗauke kwanonki kika ce to in ci ƙasa. Na bi ki ba takalmi, ƙarangiya na cin ƙafata, kina gudu kina dariya. Wayyo Allah! Wa ya gaya mini ranar cewa ina cikin daula?

Da na zo garin nan na Heres, ci nake yi kawai don kada in faɗi. Komai salam a bakina. Rannan maigidana ya miƙo mini miyarsu mai sanyi, ta tumatir da tafarnuwa da burodi, ya ɗiga mata khal ɗin nan. Ina kaiwa baki, wallahi sai na ji muƙamuƙina ya kama. Sai ga gero, sai ga kunya, sai ga ki da kwano a ka. Na zagaya baya na yi kukana, na dawo na ce musu albasa ce.

Tun daga nan nake kwaɗona ni kaɗai: alayyafo, dakakkiyar gyaɗa, garin barkononsu mai ƙamshin hayaƙi irin na murhunki, sannan 'yan ɗigon khal. Yana kusa, amma ina! Ba hannunki a ciki. So na yi ki ɗanɗana abin da ya riƙe mini rai, shi ke nan fa.

Sai ga saƙon Malam ya iso ta bakinki a waya: wai shi miji ya ba ɗiyarsa, ba kwalba ba. Ko in dawo kafin Babbar Sallah, ko in aiko miki da takardarki. Takardarki, Hadijatu? Da wane hannun? Na ji haushi, in faɗa miki gaskiya, har na kasa cin abinci. Takardun izinin zama a ƙasar nan da na sha wuya a kansu sun kusa fitowa, kuma in na tafi yanzu sun tafi ke nan. Abokan zamana suka ce sai mahaukaci zai bar su.

Amma abin da kika faɗa daga ƙarshe, kafin layi ya yanke, shi ya gama da ni. Ashe rubutun da Malam ya yi da za'afaran ɗina, na roƙon Allah Ya juyo da zuciyata gida ne. Ashe ke kika roƙe shi. Ashe ke kika wanke allon kika shanye, har leɓenki ya yi rawaya Inna na yi miki tsiya. Ni na sayi tawadar da hannuna, na ƙulla, na aiko!

To, ki gaya wa Malam rubutu ya ci. Na yi sallama da maigidana. Su riƙe takardunsu. Da ke za a yanka ragon Sallah in Allah Ya so, ko da a ɗakin aro ne a gidan mahaifinki.

Kada ki buɗe kwalbar nan. Ni zan sauko da ita, in durƙusa gaban Malam. In ya ce halal ce, mu ɗiga a kwaɗonki. In ya ce a'a, da hannuna zan tsiyaye ta a ƙasa, ba zan ko waiwaye ta ba, don da zarar na gan ki aikinta ya ƙare.

Ke dai ki aika kasuwar Batsari a samo rama. Ki cika tsami yadda kike so, farin watana. Wannan karon ba zan ce komai ba, sai dai in siɗe kwanon.

Naki ne ni, tun daga kunyar Darini har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Mijinki,
Muntasir