Duwatsun Deule a lambun Sinawa

Lahadi da dare, otel, ƙasar Sin

Yau ba mu tai sarin kayan moto ba, sai Ila ɗan kawuna ya ja ni, mu da tafintanmu, kallon wani tsohon lambu. Akwai rumfar katako bisa ruwa, rufinta ya lanƙwashe sama kamar ƙahon sa, an ce ta girmi kakan kakana. Ta yi kyau, ba ni musu. Amma abin da mutane ka layi su ɗauki hoto wani dutsi na mai huji-huji, an kewaye shi da igiya.

Na yi dariya na ce, "Irin wanga muka kwashewa daga gona can Deule."

Ila ya taka min ƙafa. "Don Allah yaya, bar zancen ƙauye nan. Na ce ma tafinta daga Yamai muke."

Raina ya ɓaci. Inna ta yi shekaru tana ɗaukar duwatsu bisa kai, tana jera su gicciye cikin gona don ruwan sama shi tsaya. Har yau wuyanta bai sake ba. Kuma hatsin gonar nan Ila ya ci ya girma.

Nan cikin rumfar na hiddo salula, na gwada ma tafinta hoton jerin duwatsun Inna. Na ce, "Ni ɗan Deule na, ƙasar Adar. Mu namu dutsi aiki shikai."

Ila bai sake yi min magana ba har munka komo. Shi ta shafa. Gobe ma kowa ya tambaye ni, Deule za ni ce mai.