Mai Kwat a Rumfar Gishiri

Istanbul, ranar Lahadi

Mama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? Ya kasuwa? A gaishe min da maƙwabciyarmu Maman Wandoo.

Ni ƙalau nake. Ɗan zazzaɓi ne ya kwantar da ni kwana huɗu, amma na tashi, kar ki damu. Shafin girkin da nake rubutawa a intanet ya fara kawo ɗan kuɗin talla. Yana ɗauke min burodi da kuɗin mota, haya dai sai a hankali.

Yaya Mahir ya ce wani mai kwat ya zo rumfarki, wai ƙwararre ne a soshiyal midiya, zai samo miki mabiya dubu goma a sati ɗaya, gishirinki na garin Keana ya kai har Legas. Don Allah kar ki ba shi ko sisi tukuna. Ki ce ya faɗi rumfa ɗaya a garin Lafia da ya yi wa aiki, ki taka da ƙafarki ki tambaya ko ciniki ya ƙaru. Mai gaskiya zai fara tambayar su wa ke saye a wurinki, ba rantsuwa ba.

Mabiyana dubu tara ne, Mama. Kwana huɗun nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ke kuwa ranar da ba ki fita kasuwa ba, Maman Wandoo da kwastomominki biyu har gida suka biyo ki da kunu.

In an samu mai zuwa, a aiko min da gishirinki. Na nan ba ya ji a miya.

Ki sa min albarka.

’Yarki,
Mutmainna