Ɗigon da Ke Cikin Kowace Kwalba

Litinin, 4 ga Maris

Orla, na san kina leƙa littafin nan idan na tafi coci, ja'ira. Ga kacici-kacici ladan leƙenki: wane ɗigo ne yake cikin kowace kwalba, amma a fasa a rasa shi? Ni kakarki ma ban sani ba tukuna.

Shekara talatin da ɗaya ina duba kwalaben maganin allura a masana'antar nan ta bakin ruwan Cork. A ɗauka, a juya, a ɗaga a gaban baƙin allo, a ɗaga a gaban fari. Ko gashin ƙuma aka gani, a ware. Yanzu gwamnati ta ba kamfani tallafi, sun sayo na'ura mai kyamara goma sha shida. Cikin mu goma sha biyu, biyu za a bari. Gwaji ranar 5 ga Afrilu.

Alhamis, 7 ga Maris

Na raɗa wa na'urar suna Gimbiya. Ba ta shan shayi, ba ta gulma, me za a yi da ita?

Fintan, manajanmu, wanda na sani tun majina na masa tsiyaya, ya ce, "Mena, ke za ki koya mata, babu mai idonki." Na ce, "Ɗan nan, wato ni zan wasa wuƙar da za a yanka ni?" Kunnuwansa suka yi ja.

Talata, 12 ga Maris

Na ware kwalba arba'in yau, kowace da ɗigo a ciki. Gimbiya ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Aka kai ɗakin gwaji, aka fasa, ba komai. Concepta, abokiyar bencina, ta ce, "Tsohuwa, goge tabaranki, man shanun burodinki ne." Na ce tsohuwa tana gidanku.

Na goge. Yana nan.

Lahadi, 17 ga Maris

Akwai ɗigo a farar rigar Fadan cocinmu. Akwai a fuskar Dinny, a hoton bikinmu. Da yana raye da ya ce sharri na yi masa.

Laraba, 27 ga Maris

Likitar ido. Ban faɗa wa kowa ba, na ce kasuwa za ni. Ta rufe min na dama, ta tambaye ni me nake gani. Ta ce ɗigon ba zai tafi ba. Sai dai a hana shi girma, da allura, a cikin idon.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Kwalaben gwajin gobe ni na haɗa su da hannuna shekarun baya. Na san lambar kowace mai lahani kamar ranakun haihuwar 'ya'yana. Ido rufe ma zan ci. Ba wanda zai sani.

Sai wanda za a tsira wa maganin.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Ban zauna gwajin ba. Na gaya wa Fintan zancen idona. Ya rasa inda zai sa hannunsa, ya ce, "In kawo miki shayi?" Shashasha. Concepta ta samu shiga cikin biyun da za a bari. Ta zo tana kuka, na ce rufe min baki, kuka na ƙara miki muni.

Talata, 23 ga Afrilu

Allurar farko. Na ce wa nas, "'Yar nan, miƙo kwalbar." Na juya ta, na ɗaga ta a gaban farar rigar nas ɗin. Yana nan. Na tambaye ta wa ya duba wannan, ta ce ai yanzu na'ura ce. Ko ɗalibata ce, ko wata 'yar'uwarta, oho. Na mayar mata, na ce zuƙo.

Ba wai na yarda da su ba ne. Na dai kwanta, ban motsa ba.

Orla, daina fasa kai. Ɗigon a idona na hagu yake.